Yadda Ake Dawo Da Laushin Tafiya Ga A-Kori-Kurar Da Aka Sauke Ƙasa

A Amurka, musamman Teksas da Kalifoniya, sauke motar a-kori-kura har cikinta ya kusa shafar kwalta tsohon ado ne da ke da masoyansa da kasuwarsa. Chevrolet C10 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1987, da ƙannenta na 1988 zuwa 1998, da Ford F-150, su ne suka fi shan wannan aiki. A Tailan kuma samari sun mayar da hankali kan Isuzu D-Max da Toyota Hilux. Masu harkar suna faɗin zurfin saukewa da lamba biyu: in ka ji an ce 2/4, an sauke gaba inci 2, baya inci 4, in an ce 4/6, an yi nisa ke nan. Bayan ya fi sauka ne domin daga kamfani a ɗage yake zuwa saboda ɗaukar kaya. Irin waɗannan motoci kan faɗo jefi-jefi cikin na hannu da ake shigowa da su ta Legas ko Kwatano, mai saye bai ma san an taɓa ƙafafunta ba sai ya hau titi.

Kukan masu irin wannan mota iri ɗaya ne a ko'ina: kyau a tsaye, azaba a tafe. Ƙaramin rami sai ka ji shi har cikin haƙora, kamar wanda ya hau amalanken shanu. Abin da mutum ke fara yi shi ne ya ruga ya sayo sabuwar shakazoba, in ba a dace ba ya sake sayo wata mai tsada. Galibi kuɗin banza ne. Ainihin ciwon shi ne motar ta rasa filin lotsawa. Kamfani ya bar tazara tsakanin aksul, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, da shasi domin taya ta sami inda za ta gudu sama idan ta ci karo da tudu, sifirin ya shanye bugun a hankali. Duk incin da aka sauke ta hanyar gajarta sifirin, daga wannan tazara aka ciro shi. Idan ta ƙare, ƙarfe ke dukan roba, roba ta daki shasi, shasi ya daki bayanka. Sifirin da shakazoba sun zama 'yan kallo. Saboda haka aikin yana da tsari: a auna, a dawo da tazara, sannan a zo kan shakazoba da taya. Wanda ya fara daga ƙarshe zai biya sau biyu.

Mataki na farko: gano yadda aka sauke ta

Ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ko ka kai ta ramin gareji. A gaba, duba ko sifirin mai murɗi yana da alamar yanka a bakinsa, ko wani wuri da fenti ya ƙone kuma zagayen suka manne da juna, alamar an gasa shi da wutar walda ke nan. Duba ko ƙarfen da taya ke juyawa a kansa na kamfani ne ko an sauya shi da wanda aka ɗaga sandarsa sama. In motar mai sandar murɗawa ce, wato doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa ta shanye bugu maimakon sifirin, irin Hilux ɗin da suka gabaci ta 2005, duba ko kwance notin sandar kawai aka yi.

A baya, abin dubawa shi ne inda aksul yake zaune. A manyan motocin Amurka sifirin mai falle-falle yana bisa aksul ne. Idan ka ga aksul ya koma saman sifirin, an yi mata abin da ake kira filif-kit, wanda kan sauke baya inci 5 zuwa 6 a tashi ɗaya. A ƙananan motoci marasa jan ƙafa huɗu, irin Chevrolet S-10 da Hilux mai gajeriyar ƙafa, aksul dama a saman sifirin yake, don haka dunƙulen ƙarfe ake cusawa a tsakaninsu. Ƙirga fallayen sifirin ɗin, ka kwatanta da na wata motar irinta da ba a taɓa ba, domin wasu zare falle ɗaya ko biyu kawai suke yi su ce sun sauke mota.

Mataki na biyu: awo

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, kuma bai ci maka komai sai tef ɗin awo da takarda. Ajiye motar a daɓe mai lebur, da mai a tanki kamar yadda ka saba yawo, ba kaya a baya. Auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen madigadi ka rubuta, kusurwa huɗu. In hagu da dama sun bambanta da fiye da rabin inci, akwai sifirin da ya gaji ko wanda aka yanka ba daidai ba.

Daga nan auna abu biyu a baya: daga saman bututun aksul zuwa ƙasan shasi, da kuma daga bakin robar tokare zuwa inda take sauka. Robar tokare ita ce dunƙulen robar nan da ke manne a shasi daidai saman aksul, wadda ke hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe. Sau da yawa tef ma ba ya shiga tsakanin, domin motar a kan robar take zaune. Ko ba ka auna ba, ƙarƙashin mota ba ya ɓoye sirri. Za ka ga wani da'ira a saman aksul yana ƙyalli fes, babu ƙura babu tsatsa, alhali ko'ina ya yi butu-butu. Za ka ga robar ta tsattsage ko ta baje. Wani lokaci bututun salansa ya lotse a inda ya ketara aksul, ko tulun tsakiyar aksul ya bar tambarinsa a ƙarfen da ke ƙarƙashin bodin kaya. Duk inda ka ga ƙyalli, nan ake duka.

A gaba ma haka za ka yi, amma da lura ɗaya. Robar tana tsakiyar lowa-am ne, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe tayar gaba da shasi, taya kuwa tana can bakinsa, don haka inci 1 a wurin robar kan zama kusan inci 2 a wurin taya. Kada ƙanƙantar tazarar ta firgita ka kafin ka yi wannan lissafi.

Sai gwajin tafiya. Samo igiyar robar nan mai zarge da masu wayarin ke ɗaure wayoyi da ita, ka ɗaura a sandar shakazoba mai sheƙi, ka tura ta ƙasa har ta zauna a bakin gangar. Yi tafiyar da ka saba, ta hanyar da ka saba, kada ka lallaɓa. Da ka dawo ka leƙa: inda igiyar ta tsaya nan ne iyakar inda shakazoba ta nutse. In ta haye har ƙarshen sanda ko ta tsinke, shakazobar tana dukan gindinta, kuma ita ce ta zama abin tokare motar. Idan murfi ya rufe sandar, cura yumɓu kamar girman ƙwai, ka sa a leda, ka manna a saman aksul kusa da robar. Kaurin da ya rage bayan tafiya shi ne tazarar da ta rage maka.

Abin da masu haɗa irin waɗannan motoci suka fi yarda da shi shi ne taya ta sami kamar inci 3, wato santimita 7 da rabi, na gudu sama kafin ta tokare gaba ɗaya. Ƙasa da inci 2, duka ba zai yanke ba ko wace irin shakazoba ka sa. Tana kuma bukatar filin saki ƙasa, inci 2 ko fiye, domin ta bi rami ba tare da ta rataye a iska ba.

Mataki na uku: baya, inda mafi yawan ciwon yake

A-kori-kura babu kaya bayanta ba nauyi, sifirin ɗinta kuma an yi shi ne don buhuna. Ga aksul mai nauyi yana tsalle a ƙarƙashi. Shi ya sa baya ya fi gaba bugu.

In an yi filif-kit, kusan dole ne a yanke wa shasi gurbi. Ana yanke wani ɓangare a ƙasan shasi daidai saman aksul, siffar harafin C a kife, sannan a rufe wurin da faranti mai kauri da ya rungumi shasin ta gefe da ƙasa. Wannan kan dawo da kimanin inci 2, wani lokaci fiye. Kamfanoni irin su Belltech da DJM da McGaughys suna sayar da farantin a shirye, da takardar zana inda za a yanka, kowace mota da nata. Aikin ba na gaggawa ba ne, kuma ba kowane mai walda ake ba shi ba. Ga yadda ya kamata ya tafi:

Cire bodin kaya gaba ɗaya, wurin ya fito fili. Tokare shasi da jakunan tsaye a gaban inda za a yanka da kuma bayansa, domin da zarar an yanke, jelar shasin za ta so ta sunkuya, in kuma aka ɗaure faranti a haka ta zauna ke nan a karkace. Janye bututun birki da wayoyin fitilun baya da tiyon mai daga cikin shasin, su ne ke bi ta nan. Cire kan batir. In tankin mai na kusa, sauke shi. Tartsatsi da tururin fetur ba sa zama wuri ɗaya. Tabbatar tsakiyar gurbin ta dace da inda aksul zai iso idan ya hau, domin aksul a kan sifirin mai falle yana ɗan ja baya yayin da yake hawa. Huda kusurwoyin da dirila kafin a yanka, su zama masu lanƙwasa, saboda tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa. A ɗaure da kusoshi masu ƙarfi, irin masu layi 6 a ka ko masu lamba 10.9. Yanka ba tare da faranti ba kuwa, karya mota ne a hankali.

Da ka buɗe wa aksul hanya, wani abu zai zama na gaba a layin duka. Yawanci tulun aksul ne da ƙarfen ƙarƙashin bodi, ko salansa, ko farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, da ƙarfen da ya gitta shasi. A karkatar da salansa ko a fitar da bakinsa gaban taya, a rage ƙarfen bodin a ƙarfafa shi ta wani gefen. Sake gwajin yumɓu a kowane wuri da kake zargi.

Akwai kuma hanya mafi arha da masu mota ba sa son ji: a mayar da inci 1. Bambancin 6 da 5 ido ba ya kama shi daga tsallaken titi, amma baya yana jin sa. Ana yin haka ta shakul, wato mariƙin da ke lilo a ƙarshen sifirin na baya. Sai dai a kula, ba duk mota ce ke amsawa iri ɗaya ba. A manyan Chevrolet idon sifirin yana saman mariƙin ne, don haka dogon shakul saukewa yake yi, gajere ya ɗaga. A Hilux akasin haka ne. Leƙa ka ga naka kafin ka yi oda.

In da dunƙule aka sauke, kada ya wuce inci 3, kuma kada a ɗora ɗaya bisa ɗaya. Dogon dunƙule yana ba aksul ƙarfin murɗe sifirin idan ka taka totur ko birki, sai ka ji baya yana tsalle-tsalle. Inci 2 na dunƙule haɗe da sifirin da aka ƙera da ƙaramin lanƙwasa ya fi inci 4 na dunƙule zalla. In kuma zare falle aka yi, a mayar da shi. Sifirin da aka rage ya yi laushi fiye da kima, ga tazara ta ragu, sai ya riƙa nutsewa har ƙasa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Tunda an kwance, a warware fallayen a goge tsatsar da ke tsakaninsu, a sa sabbin robobin zamewa a bakunansu. Fallayen da tsatsa ta manne ba sa motsi sai bugu ya yi ƙarfi, ƙananan gargada kuwa kai tsaye suke wucewa zuwa kujera. Kusoshin nan masu siffar U da ke riƙe aksul da sifirin, sabbi ake sawa duk lokacin da aka kwance su.

Mataki na huɗu: gaba

Hanya mafi kyau ta sauke gaba ita ce sauya ƙarfen da taya ke juyawa a kansa da wanda aka ɗaga sandarsa inci 2 ko 2 da rabi. Taya ta hau sama cikin madigadi, mota ta sauka, amma sifirin da shakazoba da lowa-am da tayarod duk suna inda kamfani ya bar su. Ba a taɓa tazarar lotsawa ba ko kaɗan. Idan motarka inci 4 aka sauke ta a gaba da gajeren sifirin kaɗai, mafi girman gyaran da za ka yi mata shi ne raba saukewar biyu: inci 2 daga wannan ƙarfe, inci 2 daga sifirin. Tsayinta bai canza ba, ka dawo da inci 2 na motsi. Abin lura, lowa-am yana matsowa kusa da ƙasa da kuma cikin rim, shi ya sa wasu ba sa shiga sai da rim mai inci 17 ko fiye. Tambayi mai sayarwa kafin ka biya.

Sifirin da aka gasa da wuta, a jefar. Zafi ya kashe ƙarfinsa, zai ci gaba da zama, wata rana ya karye. Wanda aka yanka kuwa yana da nasa lissafi: ƙarfin sifirin mai murɗi yana ƙaruwa ne idan zagayensa suka ragu. Mai zagaye 8 masu aiki, in aka cire 1, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Wannan ƙarin bai kai ya rama tazarar da aka rasa ba, shi ya sa yankakken sifirin ke haɗa tauri da duka. Sifirin da aka ƙera don saukewa an ba shi taurin da ya dace da gajeren filinsa. Abin zai yi kama da juyayyen zance, amma gaskiya ne: a motar da filinta ya ragu, sifirin mai ɗan tauri ya fi mai laushi daɗin zama, domin shi yana riƙe motar a kan sifirin, mai laushin kuwa yana sakin ta ta faɗa kan roba. Cire sifirin na gaba aiki ne mai haɗari, a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A yi shi da abin matse sifirin ko jak a ƙarƙashin lowa-am da sarƙa a zarge.

Mai sandar murɗawa, kwance noti ba ya sa sandar ta yi laushi ko tauri, lowa-am kawai yake matsarwa kusa da roba. Ɗaure shi ka dawo da rabin abin da aka sauke, ka ji bambanci nan take. Ford F-100 da F-150 marasa jan ƙafa huɗu na 1965 zuwa 1996 kuma suna da ƙafar gaba mai dogayen sanduna biyu masu gittawa. Gajarta musu sifirin yana kwantar da kan tayoyin ciki sosai har su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Maganinsu sanduna ne da aka ƙera don saukewa.

Mataki na biyar: robar tokare

Kada a cire ta. Masu cirewa suna samun inci ɗaya na shiru, sannan ranar da suka faɗa babban rami shakazoba ko boljoyin ko shasi ya karɓi bugun. Abin yi shi ne sauya doguwar baƙar robar kamfani da gajeriya mai laushi, irin mai kama da soso mai ruwan ɗorawa da ake gani a sandar shakazobar ƙananan motocin zamani. Ita tana fara karɓa da taushi, tana ƙara tauri yayin da ake matsa ta, har direba ba ya sanin lokacin da aka taɓa ta. A bar kamar inci 1 tsakaninta da aksul idan mota na tsaye. Faifan roba mai tauri siriri da ke zuwa cikin wasu kayan saukewa yana kare ƙarfe, amma ba ya tausaya wa kowa.

Mataki na shida: yanzu ne lokacin shakazoba

Abu uku ake dubawa, tsayi ne na farko. Cire tsohuwar, ka auna daga ramin kusar sama zuwa na ƙasa mota na zaune a kan tayoyinta. Daga wannan adadi, debe tazarar da ta rage kafin robar tokare ta matse gaba ɗaya, ka sami tsayin wurin a lokacin da mota ta nutse iyaka. Sai ka ɗaga shasi har tayoyi su rataya, ka sake aunawa. Shakazobar da za ka saya, idan an matse ta duka, ta fi adadin nutsewa gajarta da kamar rabin inci, domin roba ta riga ta karɓar bugu. Idan an miƙe ta duka kuma, ta kusa kai adadin ratayawa. A tsaye, sandarta ta kasance wajen tsakiya, da ɗan rinjaye ga ɓangaren nutsewa. Da waɗannan lambobi uku za ka je kasuwa, da tef ɗinka a aljihu. Sunan mota kaɗai ba zai wadatar ba tunda an sauya mata tsayi.

Na biyu kwanciya. Idan aka sauke baya sosai, shakazoba kan kwanta, kuma kwantacciya ba ta aiki sosai. A karkacewar digiri 30 daga tsaye, kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinta ne ke isa ga taya. A digiri 45, rabi. Akwai ƙarafan da ake ɗaurawa a mazauninta na ƙasa su sauke shi, su miƙar da ita, su kuma ba ta ƙarin tsayi. Suna da arha, kuma a motar da aka yi wa filif-kit amfaninsu ya fi na sayen shakazoba mai tsada. In ka ga kamfani ya sa ɗaya a gaban aksul ɗaya a bayansa, bar su haka, da gangan aka yi don hana aksul murɗewa.

Na uku ƙarfinta. Bilstein da KYB da Belltech duk suna da masu kyau, QA1 da Ridetech kuma suna da waɗanda ake juya musu maɓalli a ƙara ko a rage ƙarfi. In ka sami irin wannan, fara daga laushi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har lilon ya tsaya, ka dakata a nan. Jabun shakazoba sun yi yawa a kasuwa, kwali mai kyau ba shaida ba ne.

Kunnenka da bayanka za su gaya maka sauran. Bugu ɗaya mai ƙarfi a kan tudu, tazara ce ba ta isa ba. Mota ta yi ta lilo sau biyu sau uku bayan tudun, shakazoba ta yi rauni. Ƙarar ƙwal idan taya ta faɗa rami, shakazoba ta yi gajarta, tana kaiwa ƙarshen miƙewarta. Karkarwa a kan ƙananan gargada alhali babu duka, a duba taya da fallayen sifirin.

Mataki na bakwai: taya

Gefen taya shi ne sifirin na farko. Taya mai lamba 265/70R16 tana da gefe mai tsayin milimita 185. Mai lamba 265/35R22 tana da 93, rabi ke nan, ga babban rim ya fi nauyi, nauyin da sifirin ba ya ɗauke da shi sai dai ya yi ta kokawa da shi. Mai son rim 22 ko 24 ya san abin da ya saya. A ganina rim 17 ko 18, ko 20 in an matsa, shi ne inda ado da lafiyar baya suke haɗuwa.

Iska kuma, lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. Tayoyin ɗaukar kaya masu alamar LT wasunsu an rubuta PSI 80, mai faci kuma in ba ka tsaya a kansa ba zai cika ta har ta yi tauri kamar dutse. Bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, da ma'auninka na kanka.

Abubuwan da saukewa ke gurɓatawa a ɓoye

Duk kusar da ta ratsa bushin na roba, a lowa-am ko idon sifirin ko shakul, sai mota ta zauna a kan tayoyinta ake ɗaure ta ƙarshe. In aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, ta ƙara tauri, ta kuma yage da wuri. Makanikai da yawa suna tsallake wannan saboda shiga ƙarƙashin saukakkiyar mota da wuya. A hau da ita kan rami.

In kana jin ɓari a ƙasan kujera a wani gudu na musamman, ko lokacin tashi, kusurwar farfela ce ta sauya. Kuros, wato gaɓoɓin da ke bakunan farfela, na gaba da na baya suna so su yi aiki a kusurwa kusan ɗaya, bambancinsu kada ya wuce digiri 1, kowanne kuma ya fi kyau kada ya haura digiri 3. Manhajar auna kusurwa ta waya ta isa a gane. Ana gyarawa da siririn ƙarfe mai gangare, na digiri 2 zuwa 4, tsakanin sifirin da mazaunin aksul. Farfela mai gaɓa biyu sai an ɗaga mariƙinta na tsakiya. A duba kuma bakin farfela da ke zamewa cikin giyabos, ya kasance da sauran kamar inci 1 na shiga, in ba haka ba duk nutsewar baya giyabos ne zai sha naushi.

C10 na 1960 zuwa 1972 da Ram 1500 daga 2009 suna da sifirin mai murɗi a baya, da sanda guda da ta gitta tana riƙe aksul a tsakiya. Saukewa tana tura aksul gefe ɗaya har taya ta riƙa gugar bodi. Sanda mai daidaituwa ake sawa, a kuma gyara mazauninta ta kwanta daidai da ƙasa.

Wanda ya fi haɗari shi ne na birki. Hilux da yawa da wasu ƙananan a-kori-kura suna da wani bawul a shasi ta baya, da siririyar sanda zuwa aksul. Aikinsa ya gane an yi lodi idan baya ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Saukakkiyar mota kullum a wurinsa mai lodi ce, don haka tayoyin baya kan kulle da wuri, musamman a jiƙaƙƙen titi, mota ta juya. A gyara mazaunin sandar gwargwadon incin da aka sauke. Daga nan sai alaimen, sai saita fitilun gaba, domin sauke baya fiye da gaba yana ɗaga haskensu zuwa idon mai tahowa.

In za ka riƙa ɗaukar kaya

Tazarar inci 3 ta mota ce babu kaya. Lodin siminti zai cinye ta. Maganin shi ne balan-balan ɗin roba masu iska da ake sawa tsakanin shasi da aksul, irin na Air Lift ko Firestone. Babu kaya, a bar musu iska kaɗan, kada ta gaza PSI 5 a ma'auni don kada su tsuke su yage. In an yi lodi a ƙara har mota ta dawo tsayinta. Kowanne a ba shi tiyonsa daban, domin in an haɗa su iska za ta riƙa gudu daga wannan zuwa wancan a kwana, mota ta ƙara kwanciya. Ba sa ƙara yawan nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka, birki da aksul da taya suna nan yadda suke. Masu kuɗi kan cire sifirin gaba ɗaya su koma iska zalla da kwamfaresa, ko shakazoba mai sifirin a jikinta da sanduna huɗu a baya. Yana da daɗi in an haɗa shi daidai, amma shi ma in ba a buɗe wa aksul hanya ba duka zai yi.

Lambobin 4/6 da 5/7 an yi su ne don titunan ƙasashen da aka ƙirƙiro su. Mai tuƙi a inda tudun rage gudu ke da tsayi kuma damina ke haƙa ramuka, 2/3 ko 2/4 ya ishe shi, kuma a wannan zurfi sau da yawa ba sai an taɓa shasi ba. Ko nawa ka zaɓa, yi wannan gwaji kafin ka fita: miƙa zare daga leɓen ƙasa na rim ɗin hagu zuwa na dama, gaba da baya. Duk abin da ya sauko ƙasa da zaren, bakin kusoshin U ne ko mazaunin shakazoba ko lowa-am, shi zai fara caka kwalta ranar da taya ta fashe a guje. A yanke, a ɗaga, ko a ƙara girman rim. Bayan tafiyar kilomita 150 zuwa 200, a sake ɗaure kusoshin U da na farantin shasi, a sake auna kusurwa huɗun nan a kwatanta da takardar farko, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna. In ya zauna da yawa, a koma wurin alaimen.